Tankunan Mai na Ƙarƙashin Ƙasa a Amurka da Asalin Gwajin Ƙasa da Ruwa

A dokar Amurka, tankin ƙarƙashin ƙasa shi ne duk tankin mai ko na wani sinadari mai haɗari wanda aƙalla kashi 10 cikin 100 na girmansa, har da bututansa, yake binne. Mafi yawansu a gidajen mai suke, amma akwai su a garejin motocin gwamnati, da barikin soja, da asibitoci masu janareta, da masana'antu. A yau, in za a daina aiki da irin wannan tanki, wajibi ne a ɗebi ƙasar da ya kwanta a cikinta a auna, in kuma aka ga alamar mai, a bi sawunsa har zuwa ruwan da ke ƙarƙashin wurin. Wannan al'ada ta gwaji ba ta wuce shekara 40 da 'yan kai ba, alhali binne tankin mai ya haura shekara 100. Tsakanin lokutan nan biyu ne aka yi ɓarnar da har yanzu ake fama da ita.

Kafin mota ta yaɗu, kananzir ne abin da matatun mai suke nema, fetur kuwa saura ne da ba a damu da shi ba. Mai buƙatarsa yakan je kantin kayan ƙarfe ko na magani a ɗebo masa daga ganga a zuba a gwangwani. Gobara ta yi yawa, domin tiririn fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya bi ɗaki har ya tarar da fitila. Sylvanus Bowser, mutumin Fort Wayne a jihar Indiyana, ya ƙera famfon auna kananzir a 1885, daga baya ya daidaita shi don fetur. A 1905 aka buɗe wurin sayar da mai ga masu motoci a St. Louis, a 1908 kamfanin Ford ya fito da Model T wadda talaka zai iya saya, a ƙarshen 1913 kuma kamfanin Gulf ya buɗe gidan mai a Pittsburgh wanda aka gina shi musamman don mota ta shiga ta sha mai ta fita. Da aka fara tara dubban galan a tsakiyar gari, 'yan kwana-kwana da kamfanonin inshora suka nace a binne tankin. Hujjarsu mai ƙarfi ce. A cikin ƙasa mai yana zama da sanyi, tartsatsi ba ya kai masa, mota ba ta buge tankin, fili kuma yana samuwa a sama. Tsoron wuta ne ya sa aka binne, kuma dokokin wancan zamani duk a kan wuta suka tsaya. Babu wanda aka ɗora wa nauyin tambayar inda mai yake zuwa in tankin ya huje.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga 1956 da aka fara gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, gidajen mai suka cika kowace mararraba. A farkon shekarun 1970 sun haura 200,000, kowanne da tankuna uku ko huɗu. Kusan dukansu da zallar ƙarfe aka yi su, bango ɗaya, an ɗan shafa musu kwalta a waje. Ƙarfen da aka binne a ƙasa mai laima tsatsa yake yi, kuma tsatsar ba ta cin jikin tanki bai-ɗaya. Takan sami wuri guda, inda kwaltar ta kankare lokacin saukewa ko inda dunƙulen yumɓu ya manne, ta yi ta ci har ta fasa rami kamar na allura. Ta ciki ma tana ci, domin ruwan da ke shiga tare da mai yana taruwa a gindin tanki. Akwai kuma sandar awo, doguwar sandar katako da ma'aikaci yake zurawa kullum don ganin sauran mai. Duk safiya tana dukan wuri ɗaya a gindin tankin, shekara da shekaru, har wurin ya sirance. Ba tankin kaɗai ke yoyo ba. Bututan da ke kai mai famfo sukan kwance a mahaɗa, kuma direban tanka yakan cika tanki har ya tumbatsa, abin da ya zube ya shige ƙasa a bakin bututun zuba mai.

Mai gidan mai ba shi da hanyar sanin wannan sai ta lissafi: abin da aka kawo, abin da aka sayar, abin da sanda ta nuna. Ƙaramin giɓi ana ɗora shi a kan zafi da sanyi ko kuskuren awo. Amma ɗigon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na galan a awa ba yana zubar da galan 876 a shekara, wato sama da lita 3,300, ba tare da ya fito fili a littafin lissafi ba. Akwai maganin tsatsa tun da wuri. Tankunan zaren gilashi sun shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1960, a 1969 kuma masu ƙera tankin ƙarfe suka fito da wanda aka lulluɓe da kariya aka maƙala masa wani ƙarfe mai saurin cinyewa, tsatsa ta ci shi ta bar tankin. Sun fi tsada, doka ba ta tilasta ba, don haka aka ci gaba da binne zallar ƙarfe. Rikicin mai na 1973 ya ƙara dagula lamarin, domin dubban ƙananan gidajen mai sun rufe. Aka cire famfuna, aka malala kwalta, wurin ya koma kantin taya ko gidan abinci, tankunan suna nan a ƙasa, wasu da sauran mai a cikinsu, babu sunansu a rajistar kowa.

Abin da ke faruwa bayan mai ya fita daga tanki shi ne tushen duk gwajin da aka ƙirƙiro daga baya. Man yana gangarawa ta kafofin ƙasa, da sauri a rairayi da tsakuwa, a hankali a yumɓu, yana barin wani sashe nasa manne da ƙwayoyin ƙasa. In ya yi yawa sai ya isa inda ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Da yake ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya bazu a samansa yadda man gyaɗa yake kwanciya a kan miya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa da damina yana sauka da rani, man yana binsa, sai ya shafe wani faffaɗan yanki na ƙasa sama da ƙasa. Wannan yankin ne yake zama tushen gurɓata na shekaru masu yawa, ko bayan an cire tankin. Daga nan wasu sinadarai suke narkewa a ruwa su bi gangarensa zuwa rijiyoyi, wasu kuma su tashi tiriri su shiga lambatu da ɗakunan ƙarƙashin gidaje. Huɗu daga cikin masu narkewa su ne aka fi sa wa ido: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin, waɗanda masu aikin suke haɗawa su ce BTEX. Benzin ne mafi muni, domin an tabbatar yana jawo sankarar jini. A 1987 gwamnatin tarayya ta sa masa iyakar maikurogiram 5 a litar ruwan sha. Litar fetur ɗaya mai kashi 1 cikin 100 na benzin tana ɗauke da kusan giram 9, abin da zai iya kai sama da lita miliyan 1.7 na ruwa wannan iyaka in ya narke duka. Kusan rabin mutanen Amurka kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, a karkara ma kusan kowa.

Mutanen da rijiyoyinsu suka fara warin fetur su ne suka fara ɗaga murya. Ƙaramar hukumar Suffolk a tsibirin Long Island, inda ruwan sha duka daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ta riga gwamnatin tarayya kafa ƙa'ida, haka ma jihohin Kalifoniya da Fulorida. Amma abin da ya kai maganar kowane gida shi ne shirin talabijin na 60 Minutes na tashar CBS a ƙarshen 1983, wanda ya nuna iyalan unguwar Canob Park a garin Richmond na jihar Rhode Island, waɗanda suka shafe shekaru ba sa iya shan ruwan rijiyarsu. Sanata Dave Durenberger na Minnesota ya gabatar da ƙudiri, a Nuwamban 1984 kuma Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan gyaran dokar shara wanda ya ƙara mata sashe na musamman game da tankunan ƙarƙashin ƙasa. Daga Mayun 1985 aka hana binne zallar ƙarfe, aka kuma umarci masu tankuna su sanar da hukumomin jihohinsu inda tankunan suke, da shekarunsu, da abin da ke cikinsu. Wannan ne karo na farko da ƙasar ta ƙidaya abin da ta binne. A 1986 Majalisa ta kafa asusun tsabtace wuraren da ba a san mai su ba ko ba shi da hali, ana tara kuɗinsa ta harajin kashi ɗaya cikin goma na senti a kan kowane galan.

Cikakkun ƙa'idojin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, sun fara aiki ran 22 ga Disamba 1988, lokacin da tankunan da doka ta shafa suka kai kimanin miliyan 2.1. An ba tsofaffin tankuna shekara 10 cif: ko a sa musu kariyar tsatsa da abin tare zubewa da abin hana tumbatsa, ko a sauya su, ko a rufe. An wajabta na'ura ko tsarin gano yoyo, da sanar da hukuma cikin awa 24 in an yi zargin mai ya fita, da nuna shaidar cewa mai sayar da mai zai iya biyan dala miliyan 1 in ɓarna ta auku. Sai kuma jimlar da ta haifar da sana'a sabuwa: kafin a kammala rufe tanki, dole a auna ko akwai gurɓata a wuraren da ta fi yiwuwa. Hukumar ta san ba ta da ma'aikatan da za su zagaya miliyoyin tankuna, don haka ta miƙa aikin yau da kullum ga jihohi. Shi ya sa har yau adadin samfurin da ake ɗiba da iyakar da ake kira tsabta suka bambanta daga jiha zuwa jiha.

Tsarin aikin bai canza sosai ba tun daga lokacin. Ana sanar da hukuma kwana 30 kafin a fara. Ana zuƙe sauran mai da dattin gindin tanki, sannan a kori tiririn da ke ciki, sau da yawa ta hanyar zuba busasshiyar ƙanƙara wadda take sakin iskar da ke maye gurbin oksijin. Wannan mataki ne mafi haɗari, domin tankin da ya zama fanko ya fi cikakke saurin fashewa, kuma an yi asarar rayukan ma'aikata a kansa. Bayan an tone an ɗaga tankin, ana kankare ƙasar jikinsa a duba ko akwai huji. Inda cirewa za ta girgiza harsashin gini, doka ta yarda a cika shi da yashi ko siminti a bar shi, amma sai an haƙa a gefensa an ɗebi ƙasa. Samfurin ba daga yashin cikon rami ake ɗibarsa ba, sai daga ƙasar asali da ke ƙarƙashinsa: a gindin kowane tanki musamman ta ɓangaren bututun zubawa, a bangon rami, a layin bututu, da ƙarƙashin kowane famfo. Gogaggen ma'aikaci yana lura da launi, domin ƙasar da mai ya daɗe a cikinta takan koma ruwan toka ko ta yi kore-kore. Yana kuma da ƙaramar na'urar hannu mai auna tiriri: a zuba ƙasa a leda, a rufe, a bar ta ta ɗan ɗumama, a soka bakin na'urar. Wannan awon ba hujja ba ne a gaban hukuma, amfaninsa kawai ya nuna wane samfuri ya cancanci a kai ɗakin gwaje-gwaje.

A shekarun farko akan cusa ƙasar a kwalba mai faɗin baki a rufe. Daga baya bincike ya nuna cewa babban kaso na sinadarai masu tashi yana guduwa kafin kwalbar ta isa hannun mai gwaji, ta yadda sakamakon da aka rufe wurare da yawa da shi ya nuna ƙasa da abin da ke akwai. A tsakiyar shekarun 1990 aka sauya hanya: ana yanko 'yan giram na ƙasa da ƙaramin bututu a jefa nan take cikin kwalba mai sinadarin metanol wanda yake riƙe su. Gyara ne ƙarami, amma ya nuna cewa sakamakon gwaji yana rataye da hannun mai ɗiba kamar yadda yake rataye da na'ura.

In ƙasa ta nuna mai, sai a nemi iyakarsa a faɗi da zurfi. Da can da babbar motar haƙa burtsatse ake yi. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙananan injuna masu tura bututu cikin ƙasa da ƙarfin bugu, irin na kamfanin Geoprobe na garin Salina a Kansas, suka sauƙaƙa aikin, har a rana guda a huda wurare da yawa. Sannan a kafa rijiyoyin sa-ido. Rijiyar sa-ido siririn bututun roba ce, faɗinta inci 2 galibi, mai tsage-tsage a ƙasanta, an kewaye tsagin da yashi mai tsabta, an toshe samansa da yumɓu mai kumbura don kada ruwan sama ya bi jikin bututun ya gangara. Dole tsagin ya ratsa saman ruwan, wani sashe a sama wani a ƙasa, in ba haka ba man da ke yawo a sama zai wuce ba a gan shi ba. Rijiya uku ne mafi ƙaranci, kuma ba a jera su a layi ɗaya, domin da tsayin ruwa a wurare uku ake gane inda yake gangarawa. Lissafin saurin tafiyarsa kuwa yana komawa ga ƙa'idar da injiniya Henry Darcy ya fitar a 1856 a rahotonsa kan aikin ruwan birnin Dijon a Faransa.

Ɗiban ruwan ma yana da ladubbansa. Ana fara fitar da ruwan da ya kwana a bututu, sannan a cika ƙananan kwalabe masu mililita 40 har baki, a kife a duba kada ƙwayar iska ko ɗaya ta saura, domin benzin zai tsere cikinta. Akwai ɗigon asid a kwalbar don hana bakteriya cinye abin da ake nema. Ana sa su a ƙanƙara, a gwada cikin kwana 14. Tare da su akwai kwalbar tsabtataccen ruwa da ta taho daga ɗakin gwaje-gwaje ta koma ba a buɗe ta ba. In aka sami benzin a cikinta, to a hanya aka gurɓata kayan, sakamakon ya zama abin shakka. Kowane hannu da akwatin ya bi sai ya sa hannu a takarda da rana da lokaci, saboda waɗannan lambobi kan ƙare a gaban alƙali. Ana maimaita awon duk wata uku, aƙalla shekara guda, don a ga halin ruwan a kowane yanayi.

Da wa'adin 1998 ya matso, aka yi ta tono tankuna, kuma yawan waɗanda aka tarar sun yi yoyo ya zarce ƙarfin kowa. Kamfanonin inshora suka ja da baya, sai mafi yawan jihohi suka kafa nasu asusun da ƙaramin haraji a kan mai. Ƙa'idar farko ita ce a mai da kowane wuri kusan yadda yake tun asali. Aka kwashe tan-tan na ƙasa, aka yi ta zuƙo ruwa ana tacewa shekara da shekaru, amma da an kashe famfo sai benzin ya sake hawa, domin man da ya manne da ƙasa yana nan yana saki a hankali. Asusun jihohi da dama suka shiga bashi. A 1995 abubuwa biyu suka juya akalar sana'ar. Ƙungiyar ASTM mai tsara ma'aunai ta fitar da tsarin da ke auna haɗari: wa zai sha wannan ruwa, wa zai shaƙi wannan tiriri, ta wace hanya. A shekarar kuma cibiyar bincike ta Lawrence Livermore ta duba ɗaruruwan wurare a Kalifoniya ta ce a mafi yawansu benzin bai wuce ƙafa 250 daga tushensa ba, kimanin mita 75, domin bakteriyar ƙasa suna cinye shi a gefe-gefe. Aka fara yarda cewa a wurare da yawa ya isa a cire tushen gurɓata a zauna ana sa ido.

Binciken gaskiya ya faɗa game da benzin. Sai dai fetur ɗin da ke cikin tankuna a lokacin ya riga ya canza. Tun 1979 ake zuba wani sinadari mai suna MTBE a fetur kaɗan-kaɗan a madadin dalma. Dokar tsabtace iska ta 1990 ta wajabta fetur mai ƙarin oksijin a biranen da hayaƙi ya addaba, matatu suka zaɓi MTBE, har ya kai kashi 11 zuwa 15 cikin 100 na man. Ya rage hayaƙi, amma a ƙarƙashin ƙasa halinsa daban ne. Ya fi benzin narkewa a ruwa ninki sama da 20, ba ya manne wa ƙasa, bakteriya ba sa cinsa da sauri, don haka yana tafiya kusan da saurin ruwan kansa. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana sa ruwa wari da ɗanɗano irin na fenti. Mafi yawan hukumomi kuwa ba su sa shi a jerin abin da ake gwadawa ba.

Birnin Santa Monica na Kalifoniya ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa a fili. A 1995 aka fara ganin MTBE a rijiyoyin birnin da ke Charnock, a 1996 ya kai maikurogiram 610 a lita a ɗaya daga cikinsu, aka rufe su tare da na Arcadia. Birnin ya rasa kusan rabin ruwan shansa, ya koma sayen ruwa daga nesa. Kamfanonin mai sun amince su biya bayan an kai su kotu, amma sai a ƙarshen 2010 rijiyoyin Charnock suka dawo aiki, bayan an gina matatar da ke tace ruwan da gawayi na musamman. A South Lake Tahoe kusan kashi ɗaya cikin uku na rijiyoyin garin aka rufe. Gwamnan Kalifoniya Gray Davis ya ba da umarnin janye sinadarin a 1999, haramcin Kalifoniya da na New York suka fara aiki a farkon 2004, a 2006 kuma matatu suka watsar da shi suka koma etanol. A 2013 kotu a New Hampshire ta umarci kamfanin ExxonMobil ya biya dala miliyan 236 a kan gurɓata ruwan jihar. Wasu wuraren da aka riga aka ba takardar sallama sai da aka sake buɗe fayil ɗinsu, domin an ce suna da tsabta ne kawai daga abin da aka nema.

Irin wannan ya sake faruwa da wani tsohon sinadari. Fetur mai dalma, wanda aka fara sayarwa a 1923 aka hana shi a motoci daga farkon 1996, yana ɗauke da EDB, wanda aikinsa hana dalma taruwa a inji. Iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 0.05 ce a lita, ninki 100 ƙasa da ta benzin, kuma hanyar gwaji ta yau da kullum ba ta iya hango ƙanƙantar da ta kai haka. Sai a shekarun 2000 aka gane cewa yana nan a ƙarƙashin tsofaffin gidajen mai da dama, shekaru bayan an daina amfani da shi. Tiriri ma an daɗe ba a san yadda za a auna haɗarinsa ga mazauna gida ba. A 2015 EPA ta fitar da jagora, bisa shaidar cewa 'yan mitoci na ƙasa mai tsabta da isasshen oksijin suna cinye tiririn fetur kafin ya kai ɗaki. Daga nan gwajin iskar da ke cikin ƙasa ya zama na uku bayan na ƙasa da na ruwa.

Sababbin tankuna ba su kawo ƙarshen yoyo ba. A farkon 2006, a garin Jacksonville na jihar Maryland, bututun wani gidan mai ya zubar da kimanin galan 26,000 cikin kwana 37 kafin a ankara, duk da cewa akwai na'urar gano yoyo a wurin. Kayan aiki ba sa amfani in ba a kula da su, kuma dokar makamashi ta 2005 a kan wannan ta tsaya: a duba kowane wuri aƙalla sau ɗaya a shekara uku, a horar da masu kula, a hana kai mai ga tankin da ya karya doka. Gyaran ƙa'idoji na 2015 ya ƙara wajabta bango biyu ga sababbin tankuna da bututai, da na'urar da ke sa ido a tsakanin bangon. Kalifoniya ta sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin rufe sauran tankuna masu bango ɗaya.

A yau, kasuwar filaye tana tono tsofaffin tankuna kamar yadda doka take yi. Galibi banki ba ya ba da rance a kan filin kasuwanci sai an binciki tarihinsa, bisa ma'aunin da ASTM ta fara fitarwa a 1993. Mai bincike yana duba tsofaffin hotunan sama, da kundin adireshin gari, da taswirorin kamfanin Sanborn waɗanda aka zana tun ƙarni na 19 don masu inshorar gobara, inda aka nuna tankunan fetur gida-gida. Abin da aka rubuta saboda tsoron wuta shi ne yanzu yake nuna inda za a haƙa saboda ruwa. In taswira ta nuna alama, ko aka ga bututun shaƙar iska a jikin bango, sai a bi filin da na'urar gano ƙarfe ko rada mai ratsa ƙasa, sannan a huda. Wata doka ta 2002 ta buɗe tallafin tarayya ga yasassun filayen mai masu ƙaramin haɗari, har da yawa suka koma shaguna, asibitocin unguwa da wuraren shaƙatawa. Aikin yana ƙarewa ne da takardar hukuma mai cewa ba a buƙatar wani ƙarin mataki. Ba koyaushe take nufin mai ya ƙare ƙaf ba. Sau da yawa tana zuwa da sharaɗi a takardar fili, kamar hana haƙa rijiya ko hana fasa daɓen siminti.

Daga 1984 zuwa yau an rufe tankuna kusan miliyan 1.9, waɗanda ke aiki sun ɗan haura rabin miliyan. An tabbatar da yoyo a wurare sama da 550,000, an kammala aiki a sama da 500,000, saura dubun-dubata, kuma yawancin ragowar tsofaffi ne waɗanda mai ya riga ya kai ruwa, wasu babu mai su. Wannan ƙidaya ba ta haɗa da tankunan da dokar tarayya ta ware tun farko ba, wato ƙananan tankunan gonaki da na gidaje masu galan 1,100 zuwa ƙasa, da tankunan man ɗumama ɗaki. Waɗannan na ƙarshe suna da yawa a bayan tsofaffin gidaje a jihohin arewa maso gabas, da zallar ƙarfe aka yi akasarinsu, kuma galibi ba a auna ƙasar da ke gindinsu sai ranar da za a sayar da gidan.